Waina Mai Ɗanɗanon Ƙusa

Tun da ƙasar noma ta gaji, abinci cika ciki kawai yake yi, ba ya ƙara jini. Sai an kai yis wurin mai caji ya jona shi da wuta, ya sha sinadarin ƙarfe, sannan waina ta yi ɗanɗanon ƙusar nan da kowa ke nema.

Inna Tasalla ta dire kwalbar yis gaban Ɗanjuma mai caji. 'Yarta na gida da tsohon ciki, idanunta sun yi fari fat.

"Inna, ba wuta tun jiya."

"Ciro batirin babur ɗinka."

"To da me zan koma gida?"

Ta riƙe kan babur ɗin gam.

"Da ƙafa, ɗan nan. Kai kana da jinin tafiya."