Munduwar Nusaiba

Tun da aka kafa dokar sa wa kowa munduwa mai canza launi a hannu, babu mai tambayar dalilin laifi. Munduwar mutum ta yi ja, a zo a tafi da shi, shi ke nan. Haka aka tafi da Malam Bature, mijin Tabawa, yana cikin alwala a tsakar gida.

Bana jami'ar garin ta buɗe sashen nazarin laifuka, kuma 'yarsu Nusaiba tana cikin rukunin farko. Ranar Asabar Tabawa ta kai ta wurin tela a ɗinka mata rigar shiga aji.

Ɗanlami tela ya ɗauko tef zai auna, sai ya tsaya cak. Munduwar yarinyar ba koriya ba ce irin ta kowa. Ta koma ruwan ɗorawa.

"Hajiya, lafiya kuwa?"

"Lafiya lau. Karatu ne. Duk wanda ya wuni yana tunanin laifi haka take yi masa, har malamansu."

Ya ja da baya kaɗan, ya rage murya. "To bari in tsawaita hannun rigar ya rufe ta. Kin san bakin mutane."

Nusaiba ta sunkuyar da kai. Tabawa ta kama hannunta ta ɗaga sama, har masu wucewa suka waiwayo.

"An ɗauki ubanta, har yau babu wanda ya iya gaya mini me ya yi. Wannan ce za ta koyo yadda ake tambaya. Malam Ɗanlami, rage hannun. Kowa ya gani."