Layi Shida

"Buɗe mu ga wanda ya goge bayanan abokan hulɗarmu," in ji manaja.

Gwani, babban mai rubuta manhaja a kamfaninmu, ya miƙe ƙafa. "Yau dai ɗan aikenka zai yi rana, Malam. Shekara uku kana gadin layi shida."

Haka yake kiran 'yar manhajar da na rubuta, mai layi shida kacal. Duk umarnin da aka bayar, takan tambayi na'ura wane aiki ke gudana, kuma da sunan wa.

Na danna. Sunan Gwani ya fito ɓaro-ɓaro.

"Wallahi, ranka ya daɗe, ban taɓa wurin ba!"

"Na'ura ba ta ƙarya," in ji manaja, mutumin da ko firinta bai iya kunnawa ba. "Ajiye katin aikinka ka tafi."

Gwani ya waiwayo gare ni. "Malam, don Allah sake dubawa."

Na ce na duba.

Ina kallo yana cusa kofinsa da cajarsa a leda, ko tausayinsa ban ji ba. Ɗan aikena bai san fuskar kowa ba. Sunan da ya tarar a saitin na'ura yake ɗaukowa, kuma kowa na iya canza shi. Wannan gargaɗin yana rubuce a layi na biyu na manhajar tun ranar farko.

Ni na goge bayanan bisa kuskure, ni na sa sunansa. Da Gwani ya taɓa sauke kai ya karanta layi shidan nan, da yanzu ledar tana hannuna.