Yadda Muryoyin Tsofaffi Suka Tsira daga Ɗaukewar Wuta

Tunda ka ce ba mai ganin abin da ka rubuta sai ranar da ya fita tsaf babu aibi, gyara zama in ba ka misalin wata mata, ka auna da kanka.

Ma'aikaciya ce a wani ƙaramin gidan rediyo, ita ke kula da na'urori. Gidan yana da tarin kaset na hirarrakin tsofaffin garin, maƙera da masaƙa da ungozomomi, yawancinsu ƙasa ta daɗe da rufe musu ido. Kaset ɗin sun tsufa, wani ana gama juya shi zaren ke tsinkewa, don haka duk muryar da ta kwashe ta zuba a kwamfuta, ba ta da sauran wani gida a duniya sai nan. Kwamfutar ma an riga an jingine ta a lungu, ita ce ta tashe ta da Linux, babbar manhajar nan ta kyauta wadda kowa ke iya buɗe cikinta ya duba ya gyara. Daga nan ta saba da baƙin allo, inda ba hoto ba kwalliya, sai dai ka rubuta umarni na'ura ta bi. Da cikin kwamfutar ya cika, ta zauna ta rubuta 'yar manhajar kanta, wadda za ta riƙa ɗaukar kowace murya ta kai babban rumbun ajiya, sannan ta goge ta asali don a sami wuri. Ta gwada da 'yan kaɗan, abu ya yi. Ranar har tafiyarta sai da ta canza, ni kuwa ban ga laifinta ba.

Al'adar masu irin wannan manhaja ita ce, wanda ya ƙera abu ya baje shi a dandalin intanet kowa ya gani. Abokin aikinta ya so ya hana ta, ya ce aikin 'yar koyo ne, za ta tara wa kanta 'yan dariya daga ƙasashen da ko sunansu ba ta sani ba. Ita ma ta san akwai inda ta yi ɗinkin gaggawa. Amma ta ga ta ci na mutane kyauta, abin kunya ne ta ɓoye nata. Ta ɗora.

Saƙon farko da ya zo ba sallama, ba sannu da aiki. Wani baƙo ne ya nuna mata layi guda a cikin rubutun manhajar, ya ce kwamfuta takan ce ta gama kwafi alhali sauran muryar tana hanya ba ta sauka a rumbu ba, manhajarta kuwa ba ta dubawa take gogewa. In wuta ta ɗauke a daidai nan, ba tsuntsu ba tarko. Ranta ya ɓaci ƙwarai, har ta kai hannu za ta sauke abin daga dandalin. Sai ta tuna a makon nan ta yi niyyar sakin manhajar a kan muryoyin gaba ɗaya, a garin da wuta ba ta sallama in za ta tafi. Ta janye hannunta. Ta haɗiye fushin ta rubuta masa, "Na gode, malam. Ina mafita?"

Mafita ba daga wurinsa ta zo ba, wasu ne suka taso. Wani daga ƙasar da su ma wuta ke musu irin wannan wasa ya ƙara sashen da ke auna kwafi da asali, sai sun yi daidai cif kafin a goge komai. Wata ta sa in aiki ya katse ya ci gaba daga inda ya tsaya. Akwai ma wanda bai iya rubuta ko layi ɗaya ba, nasa shi ne ya riƙa fizge wayar kwamfutarsa da gangan ana cikin aiki, ya dawo ya faɗi abin da ya gani. Ita kuma ba ta karɓi komai ido rufe ba. Kowane gyara sai ta karanta ta fahimta, wani ta karɓa, wani ta mayar da shi da hujja, don har yanzu ita ce mai abin.

Ranar da ta saki manhajar a kan muryoyin, ana tsakiyar kwashe hirar wata tsohuwar ungozoma, wadda ta yanke cibiyar rabin garin, wuta ta ɗauke. Allo ya mutu, abokin aikin nan ya dafe kai. Da aka tayar da janareta ta rubuta umarni, sai ga hirar tana nan daram, aiki ya ɗora daga inda ya tsaya. Ta kunna, muryar tsohuwar ta cika ɗakin, har da tarinta da dariyarta. Ko murya ɗaya ba ta salwanta ba. Yau wasu gidajen rediyon da manhajarta suke aiki, kuma in tana ba da labarin, da bakinta take fara faɗin aibin da aka kama mata, kanta a sama.

To kai ma fito da naka a gani. Hausawa sun riga sun faɗa, hannu da yawa maganin ƙazamar miya.