Cimar Faransawa a Bakin Tasha

Muftahu ya zaɓi teburin da ke kallon ƙofa. Shekara shida ke nan da ya bar faɗan daba a unguwarsu ta Nima, amma jikinsa bai samu labari ba. Ko masallaci ya shiga, sai ya fara duba ta ina ake fita.

Wurin ɗan ƙaramin gidan abinci ne irin na Faransawa, a bakin tashar jirgin ƙasa ta Accra, inda 'yan gwanjo da 'yan dako ke ture juna tun safe. Tebur takwas ne kacal, da allon da ake rubuta abincin ranar da alli, da dogon burodi mai ɓawo a kwando. Mai wurin, Madam Wadia, 'yar Lome ce da ta daɗe tana girki a Faransa, kuma idan ranta ya tashi Faransanci kaɗai ke zuwa bakinta.

Mahaifiyarsa ya kawo. Hajiya Sanatu ta shekara talatin tana sayar da shinkafa da wake a bakin titin Nima, tana ciyar da rabin unguwa a tsaye. Jiya ta sauke tukunyarta ta ƙarshe, shi ya sa ya rantse yau sai ta zauna wani ya kawo mata.

Aka dire mata nama faffaɗa da soyayyen dankali, da wuƙa da cokali mai yatsu. Ta riƙe wuƙar kamar za ta fere doya.

"Mma, ci da hannu. Ba ruwan kowa."

"Kai, bar ni! Yau ni ma madam ne," ta ce, ta yi dariya, 'yan haƙoran da suka rage mata suka bayyana.

A lokacin ne ya hango shi a teburin lungu, shi kaɗai da kofin shayi. Abdul-Wahab ne na unguwar Maamobi. Tabon da ya taso daga kunnensa zuwa haɓa aikin Muftahu ne, da fasasshiyar kwalba, ranar da samarin unguwannin biyu suka gwabza a bakin babbar kwata. An ce a gadon asibiti ya yi rantsuwa cewa ba jikin Muftahu zai taɓa ba, abin da ya fi so zai taɓa. Yanzu ya yi ƙiba, yana sanye da koren wando mai layin ƙyalli irin na masu aiki a titi. Ya ɗaga hannu alamar gaisuwa. Muftahu bai amsa ba, abincin ma ya fita ransa.

Wani mai kura ya leƙo yana masifa, wai babur ɗin wa ya tare hanya. Na Muftahu ne. Muftahu ya dubi uwarsa, ya dubi lungu, ya ce a ransa minti ɗaya ne. Ya fita.

Jirgin da ya taso daga garin Tema ya shigo daidai nan, yana busa ƙaho kamar zai tsaga kunne, jama'a suka ɓarko daga tasha. Da ƙyar ya kwance sarƙar babur ɗin ya gusar da shi. Ya juyo, sarƙar na hannunsa, ya dubi ciki ta gilashin taga.

Abdul-Wahab na bayan Mma. Ya rungumo ta da hannu biyu, ya dunƙule hannu a ƙarƙashin haƙarƙarinta, yana fizgar ta sama har ƙafafunta na barin ƙasa. Mayafinta ya faɗi. Bakinta a buɗe, ko ihu ta kasa.

Muftahu bai san lokacin da ya shiga ba. Sarƙar ta sauka a ƙeyar Abdul-Wahab, jini ya fantsama har kan allo. Ya saki tsohuwar, ta zube tsakanin kujeru. Duka na biyu ya same shi a baki.

Abin da ya ƙara tunzura Muftahu shi ne mutumin bai ko kare kansa ba. Rarrafe yake yi, yana nufar inda Mma take kwance, yana miƙa hannu. Taurin kai har yanzu? Muftahu ya take hannun, ya ɗaga kujerar katako ya maka, ya ji ƙashi ya ce ƙas. Ɗaya hannun ya miƙo, shi ma ya bi sahu.

Madam Wadia ta riƙe masa riga tana kururuwa da Faransanci, tana nuna ƙasa. Ya watsar da ita kan kwandon burodi. 'Yan dako sun cika ƙofa, ba wanda ya tambayi dalili, wasu ma cewa suke a ƙara masa. Gaskiya ita ce Muftahu ya ji daɗi. Daɗin nan na da, wanda ya ɗauka tuba ta wanke, ya dawo masa ɗungurungum, kuma bai tsaya ba sai da kujerar ta rabu biyu.

Ya durƙusa yana haki. "Mma, an gama. Tashi mu tafi."

Ba ta motsa ba. Idanunta sun firfito, leɓɓanta sun yi baƙi. Ya laluba cikinta da bayanta yana neman inda aka soke ta. Babu rauni, babu ko ɗigon jini. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko a tsakiyar adduna.

"Me ka yi mata? Me ka ba ta?"

Abdul-Wahab ya tofar da haƙori. Ya yi ƙoƙarin ɗaga hannuwansa, suka yi lilo kamar tsumma. Hawaye na bin tsohon tabon, muryarsa na fita da jini.

"Chale, abokina, ni a motar asibiti nake aiki yanzu, shekara huɗu. Nama ne ya toshe wa Mma maƙogwaro, saura matsa ɗaya ya fito."