Wurin da Inna take tsallakewa

Waƙar mai jirgin nan ta girme ni. A cikinta wata budurwa ce tsaye a bakin ruwa tana kiran saurayinta Audu ya zo ya ƙetare da ita. Mata sun yi ta a kan turmi, masu kaset suka ɗauka, yanzu ga ta a waya an sa mata fiyano.

Ni a bakin Inna na fara jin ta. Wata la'asar, shekarar da ruwa ya ci Baba, tana juya kifi a kan banda, hayaƙi ya cika gidanmu na Ngaski. Tana rerawa a hankali, amma duk inda sunan ya zo sai ta yi shiru, ta ƙwanƙwasa sanda a jikin banda, ta wuce.

Ni kuwa na haddace ta wurin mai kaset a kasuwar Yelwa, ina ji da kaina. Na ce, "Inna, kin mance! Audu ake cewa." Har na rera mata da ƙarfi.

Sunan Baba ke nan, wanda ba ta taɓa faɗa ba saboda kunya.

Ta goge ido, ta ce hayaƙi ne. Can ta ce, "Ban mance ba, ɗiyata. Wurinshi ne na bar mashi."

Ban sake jin ta rera ba.

Yau kowane mawaƙi ƙwala sunan yake yi. Ni da an kusa wurin nake rage murya.