Inda Baba Ya Tsaya

Tun da aka daina buga littafi a takarda, idan mutum ya rasu akan turo wa iyalinsa mahaɗin shafin da ya karanta na ƙarshe. Bayan sadakar bakwai ta Malam Tanimu, 'yarsa Hindatu ta kawo wa mahaifiyarta, Inna Lantana, waya.

"Inna, ga inda Baba ya tsaya."

Ta taɓa mahaɗin, wayar ta fara karantawa. Inna Lantana ta ɗaga hannu.

"Ba haka ya karanta mini ba. A nan manomin ya ƙi sayar da gonarsa."

"Yanzu ya sayar, Inna. Sun gyara littafin."

Tsohuwar ta nuna wayar.

"Kashe ta, ki zauna. Bari in gaya miki yadda aka yi, tun ina iya tunawa."