Fartanya Mai Ƙararrawa

"Mato, so nake ina zaure ina jin aikinsu," in ji Alhaji Sule, mai gonar gyaɗa a Lausu. 'Yan ƙwadagonsa uku sun ishe shi, da ya juya baya sai su nemi inuwa.

Mato maƙeri ya yi murmushi. Ya ƙera masa fartanya uku, kowacce da 'yar ƙararrawa kulle tamau a ƙota da ɗan kwaɗo. Duk sara sai ta yi ƙara.

Ranar noma Alhaji ya kishingiɗa a zaure, gonar na bayan gida. Tun safe ƙararrawa ke kaɗawa, ko numfasawa babu. Har tausayi ya kama shi, ya ɗauki ƙwaryar fura ya nufi gona.

Ya tarar da 'yan ƙwadagon suna minshari a gindin ɗorawa. Ƙararrawar kuwa na wuyan awakinsa, suna ta kiwo cikin gyaɗar.

"Uban wa ya kwance ƙararrawar?"

Amiru, babbansu, ya tashi yana hamma. "Alhaji, ai Mato ba ya zaɓen mai ciniki. Kai ya ƙera maka ƙararrawa, mu ya ƙera mana mabuɗinta."